Yaron Da Ba Ya Magana Da Kowa Sai Ni

Kaka Zamfira mai shafin nasiha a jarida, ina sumbatar hannunki.

Don Allah ki taimake ni, ko da zagi ne ki zage ni, domin na kai inda zagin ma zan karɓe shi da hannu biyu in dai zai nuna mini hanya. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Wannan ta biyar ba zan sake karanta ta ba, yadda ta fito haka za ki gan ta.

Shekaruna talatin da uku, ina da miji da 'ya ɗaya. Shekara takwas ke nan ina aiki a wata cibiya a nan garin Arad, inda muke koyar da yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Hanyar koyarwar tamu ABA ake ce mata. Kada sunan ya ruɗe ki. Ɗaki ne ƙarami, da ɗan guntun tebur da kujeru biyu na yara, sai ni sai yaro. Abin da sauran yara ke tsinta a hanya ba wanda ya koya musu, mu sai mun fasa shi gutsi-gutsi. Waiwayowa in an kira sunanka darasi ne. Nuna kofi da yatsa darasi ne. In ce masa ya taɓa hanci. In ya taɓa, in yi tafi, in yi shewa kamar an yi mini albishir, in ba shi ƙwayar pufuleti ɗaya, wani abu mai kama da gugguru, ya tauna, in sa alamar ƙari a takarda. In bai taɓa ba, in kama hannunsa in kai, in sa alamar ragi. Sau ɗari uku, sau ɗari huɗu a wuni, yaro bayan yaro. Daga ƙarfe takwas zuwa shida muryata a sama take tana murna. In na dawo gida ba ni da sauran murya ko ta cewa a miƙo mini gishiri.

Mu tara aka ɗauka a shekara ɗaya. Yau ni kaɗai na rage. Biyu suna Italiya suna jinyar tsofaffi. Ɗaya tana amsa waya a wani kamfani. Ɗaya ta buɗe shagon gyaran farce, da muka haɗu a kasuwa ta ce da ni, “Zo mu yi tare, 'yar'uwa, farce dai ba ya cizo.” Dariya na yi, amma ranar da doguwar riga nake a tsakiyar zafin Agusta, saboda shaidar haƙora huɗu a damtsena. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Yaran ma ban ga laifinsu ba. Wanda ba shi da bakin cewa ya gaji, da haƙori zai faɗa.

Amma ba cizo ne ya sa na rubuto ba. Horia ne.

Yana da shekara uku aka kawo shi, yanzu bakwai gare shi. Ko a lokacin yaro ne mai kyau kamar a sace, amma ba ya cewa uffan, ba ya kallon kowa. Akwai ƙa'ida a aikinmu da duk sabuwar ma'aikaciya ke haddacewa tun makon farko: kada yaro ya zama na mutum ɗaya. Mutum uku ko huɗu ke karɓa-karɓa a kansa, iyayensa ma su shigo su koya, domin abin da ya iya ya bi shi duk inda ya je, kada ya maƙale a jikin mai koyarwa. Ni da bakina na koya wa sababbi wannan ƙa'idar sau ba adadi.

To, a shekarar farko ta Horia, ban da ni, fuska biyar ya gani. Kowace sai ya fara sabawa da ita, ya yarda ta zauna kusa da shi, sai ta ajiye aiki. Duk tafiyar ɗaya sai ya daina cin abinci, ya dinga buga goshinsa da ƙasa har sai mun shimfiɗa katifa. Da ta biyar ta tafi, na shiga ofishin shugabarmu, Doamna Corina, wato Uwargida Corina, na ce ta ba ni duk sa'o'insa kafin a sami wadda za ta zauna. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Wata biyu kawai fa, kin ji ko? Kin fi ni sanin abin da ke biyo baya.” Na ce na ji. Shekara uku ke nan.

Kuma ya yi magana, Kaka. Yana da shekara huɗu da rabi, wata ranar Talata, ya dubi kofin da ke hannuna ya ce “ruwa”. Na ba shi, na yi tafi, na sa alamar ƙari, na fita na kulle kaina a banɗaki na yi kuka. Yau kalmominsa sittin da huɗu, duk a rubuce suke a wurina. Yana cewa “buɗe”, yana cewa “ciwo”, yana cewa “a'a” maimakon ya yi cizo. Sai dai da ni kaɗai yake faɗinsu. A gida hannun uwarsa yake ja zuwa wurin famfo, kamar yadda yake yi tun yana shekara biyu.

Sau ɗaya muka gwada. Na shigo da mahaifiyarsa, Doamna Otilia, na zaunar da ita a kujerata, na ba ta kofin. Mace ce mai ɗinki a kamfanin takalma, sai da ta roƙi izinin rabin wuni kafin ta zo. Horia ya tsallake fuskarta da ido kamar bango ne a gabansa, ya nemo ni a bayanta, ya ce da ni “ruwa”. Kofin yana hannunta. Ta ajiye shi a hankali, ta fita baranda, ta cusa fuska cikin rigar sanyinta. Ban sake kiranta ciki ba. Na ce a raina bari ya ƙara ƙwari tukuna.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Akwai daɗi a ciki. A aikin da ba mai ce maka sannu, a ce akwai baki ɗaya a duniya da ba ya buɗewa sai a gabanka, wannan shi ya riƙa tayar da ni daga gado. Na san ƙa'idar, na take ta da sanina, kuma duk wata in an duba takardunsa cike da alamar ƙari sai a yi ta yabona ina sunkuyar da kai.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru makonni biyar da suka wuce, ki ga ko ni mutum ce. Ranar Lahadi da rana, mun dawo daga coci, ina tsaye ina tuƙa mamaliga, tuwon masararmu, sai 'yata Ilinca ta tsala ihu a bayana. Shekarunta biyar. Ban waiwaya ba. Na saki kafaɗuna, na share fuskata daga kowane irin motsi, na fara ƙirge a zuci. A wurin aiki, in mun tabbatar yaro yana ihu ne don kawai a kula shi, mukan ɗauke kai har ya sassauta, sannan mu juyo da fara'a, don ya gane ba ihu ke jawo mutum ba. Amma sai an fara dubawa an ga ba ciwo ya ji ba. Ko sabuwar da ta zo jiya ta san wannan. Ni ban duba ba. Ban ma yi tunani ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na kai arba'in da bakwai lokacin da mijina Dorin ya faɗo kicin ɗin a guje. Ƙofar kabad ce ta datse mata yatsa, farcen ya ɗaye, jini har kan safarta. Ya ɗauke ta yana yi mini tsawa, “Kurma kika zama? Ke wace irin uwa ce?” Ni kuwa ina nan tsaye da muciya a hannu.

An ɗaure yatsan a asibiti, an ce farce zai sake fitowa. A mota muna dawowa, ba ta kuka, ba ta fushi, ta leƙo daga kujerar baya ta ce, “Mama, da na yi shiru da kin juyo?”

Tun ranar in ta faɗi babanta take kira. In ba ya nan sai ta haɗiye kukan, ta zo ta tsaya kusa da ni shiru tana jira in gan ta. Ni na koya mata wannan a cikin ƙirge arba'in da bakwai, ni da nake shafe wata shida kafin in koya wa ɗan wani riƙe cokali.

Dorin ya nemo mini aiki ta wajen ɗan kawunsa, a ofishin wani kamfanin kujeru, karɓar oda da buga takardu. Sun ce za su jira ni zuwa bayan bikin Ista. Ba ya faɗa da ni yanzu, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Sau ɗaya kawai ya ce, “Horia yana da uwa. Ilinca fa?”

Na je wurin Doamna Corina. Ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido, sannan ta ce, “Ni ma da ina da inda zan je da kin tarar da kujerar nan ba kowa.” Ta ce in ɗauki hutun kwana uku. Na tambaye ta wa zai karɓi Horia. Ta nuna mini takardar neman ma'aikata da ke manne a ƙofa tun bara, har rana ta cinye rubutun.

Sai na yi wautar tsegunta wa Doamna Otilia. Washegari ta zo da kwalbar zacusca, miyar yalo da tattasai da ta haɗa da hannunta, ta ajiye a kan ɗan teburin, ta kama wuyan hannuwana biyu ta ce, “In kika tafi, da bakinsa za ki tafi. Shekara bakwai ina jiran ya ce mini mama. Ke kaɗai kika san hanyar.” Kwalbar tana nan a saman firij, na kasa buɗewa, na kasa mayarwa.

Yanzu da safe nakan zauna a tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, uku su wuce ina kallo. Ba na jin yunwa, ba na jin haushi, ba na jin komai. Ranar Alhamis na kama kaina ina sa wa Horia alamar ƙari ban ko ɗaga kai na ga ya yi ko bai yi ba.

In na zauna, ban san abin da zan sake yi wa 'yata ba. In na tafi, na rufe bakin da ni na buɗe shi, kuma ni na hana shi buɗewa ga uwar da ta haife shi. Kaka, ki faɗa mini wanne ne ƙaramin zunubi, shi zan ɗauka.

Wadda muryarta ta ƙare,
Arad

*

Ke 'yar nema,

Shafi bakwai kika aiko wa tsohuwa mai ido ɗaya da rabi. Ina karatu miyar wake ta kama a tukunya, har maƙwabciyata ta buga bango tana tambaya ko mutuwa na yi ban yi sallama ba. Kuma wai zagi kike nema. Zuwa kika yi a makare, jikata. Kin riga kin zage kanki tas, ba ki bar mini ko ƙashin da zan gwaigwaya ba.

Ni aji bakwai na yi, sauran karatuna a masaƙa na yi shi, shekara talatin da ɗaya ina bin zare. Wannan ABA taku ban taɓa jin ta ba sai a bakinki. Amma da na kai wurin kofin ruwan nan sai na ajiye takardar, domin na san labarin. A garken surukata na gan shi. Kuma kada ki tashi ki ce na haɗa ɗan mutane da dabba. Ba yaron nake nufi ba, ke nake nufi, kuma ba da saniyar zan haɗa ki ba.

Da aka kai ni gidan miji a ƙauye, surukata Profira, Allah ya ji ƙanta in ya ga dama, tana da saniya mai suna Dumana. Saniyar nan ba ta sakin nono sai ga hannun Profira. Tsohuwa kuwa ta mai da abin kambun sarauta. Duk baƙon da ya shigo sai ta ce, “Je ki gwada, amarya, mu ga hannun 'yan birni.” In tsuguna, Dumana ta ɗauke nono kamar an kulle famfo, ta bi bokiti da shuri, tsohuwa ta yi ta ƙyaƙyata har tana riƙe ciki. Shekara shida ba ta koya mini ba, ba ta koya wa ɗanta ba. In ka ji ta tana ƙorafin ba mai taimakonta sai ka zubar da hawaye.

Wata shekara da sanyi ta zame a kan ƙanƙara, ƙugu ya karye, aka kwashe ta zuwa asibitin gari. Dumana ta ƙi kowa. Hantsarta ta kumbura, tana kuka, muna kuka. Ni kuwa da wayona na ɗauko ɗankwalin tsohuwa da zanen aikinta da ba a wanke ba, na ɗaura, na ranƙwafa, na shiga garke ina tari irin nata, har da zagin kaji da take yi a hanya. Mijina ya ce ko shi sai da ya cire hula. Dumana ta waiwayo, ta shinshina ni sama da ƙasa, ta auna, ta sakar mini ƙafa a cinya. Tabon yana nan, sai dai ba zan nuna wa jarida ba.

Abin da ya yi aiki daga baya ba wayo ba ne. Da aka sallamo tsohuwa, muka riƙa ɗaukarta a kujera safe da yamma muna kai ta garke. Makon farko hannunta a kan nawa muke tatsa. Sannan hannunta a wuyan hannuna. Sannan ta dafa gefen saniyar kawai. Sannan muka ja kujerar bakin ƙofa, tana zaune tana kushe ni. Sannan tsakar gida, muryarta kaɗai ke shigowa. Mako shida. Kuma in gaya miki gaskiya, yaye tsohuwar ya fi yaye saniyar wuya. Ranar da nono ya zubo ba ta kusa, ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci. Har ta koma ga Allah ba ta yafe wa Dumana ba.

Kin gane wadda kika yi kama da ita, ko sai na aiko miki da ɗankwalin?

To, dariya ta ƙare, saura abin da ba na son faɗa. Nonon bai dawo duka ba. Abin da ke cika bokiti a hannun Profira, a hannuna da ƙyar yake wuce rabi, kuma haka ya tsaya.

Kin ce in zaɓar miki ƙaramin zunubi. Na juya wasiƙarki gaba da baya ban ga inda za ki bi ki fita ba tare da wani ya yi kuka ba. Otilia ba ta yi ƙarya ba, kuma duk uwar da ke tsaye inda take tsaye za ta kama hannunki haka, ko ma ta fi. Dorin bakinsa ya yi kaifi a kicin, amma mutumin da ya ɗauki 'yarsa da jini ba a auna masa magana da cokali. Tambayarsa ta “Ilinca fa?” kuwa ba ni da amsar da ta fi ta. Shugabarku ma ba muguwa ba ce, mace ce da rufi ke yi mata yoyo ta ko'ina tana da kwano ɗaya. Ke kuma ki sauke rabin kayan da kika ɗora wa kanki. Ba ke kika kori mutum takwas ba. Aikin da ke cinye mace tun tana da ƙuruciya, ya tofar da ita, ya manna takarda a ƙofa yana neman wata, ba ke kika tsara shi ba, kuma ni da ke ba za mu gyara shi a shafin jarida ba. Ranar da kika karɓi yaron nan yana buga goshi da ƙasa, tausayi ne ya kai ki. Naki laifin daga baya ya shigo, ranar da uwarsa ta fita tana kuka kika bar ƙofar a rufe domin rufewar ta yi miki daɗi. Kin faɗa da bakinki, na ji, ya isa. Kada ki mai da shi abin tauna kullum.

Ga inda na tsaya. Zamanki ba zai ceci Horia ba. In kin ƙara shekara goma, kalmominsa su kai ɗari biyar, duk a ɗaki ɗaya za su zauna, a gaban mace ɗaya, wadda mura ma kan kwantar da ita. Ranar da zai ji ciwo a ciki, a gida zai ji shi, kuma ba ke ce a gidan ba. Bayan haka, wadda ke sa alama ba tare da ta duba ba, ai ta riga ta tafi. Doguwar rigarki ce kawai ke hawa tiram tana zuwa aiki. Saboda haka ki tafi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba irin tafiyar ƙanƙarar Profira ba.

Kafin komai ki je wurin likitan unguwarku, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, musamman rashin jin yunwa da rashin jin komai ɗin nan. Wannan ya wuce gajiyar da shayin ganye ke warkarwa, ya kuma wuce sanina. In ya ba ki hutu ki karɓa, kada ki ninke takardar ki sa a jaka.

Sannan ki sa rana. Ki rubuta ta a takarda ki kai wa shugabarku, ki gaya wa Dorin, don kada wata biyu su sake zama shekara uku. A ganina ƙarshen Yuni. Dorin ya je ya roƙi masu kujeru su ƙara haƙuri, tunda ɗan kawunsa ne ai ya san ta inda ake kama shi. In sun ƙi, ku zauna ku biyu ku yanke, ni ba zan yanke muku abin da za ku ci ba. Amma ranar kada ta motsa.

Daga nan zuwa ranar, kada ki jira wata sabuwa ta amsa takardar ƙofa. Sau biyar kin ga ƙarshen wannan. A duk rayuwar yaron nan mutum ɗaya ce ba za ta taɓa ajiye aiki ba, kuma ita kuka bari a baranda. Ki ɗauki kwalbar nan, ki je gidanta ranar Asabar, ku buɗe ta tare ku shafa a burodi. Ki gaya mata gaskiya ba kwana-kwana: za ki tafi, ga ranar, kuma kuskure kika yi da ba ki sake kiranta ciki ba. Za ta yi kuka, wataƙila ta zage ki. Ki zauna har ta gama. Daga nan kujerar tata ce, kofin nata ne, a kicin ɗinta, kusa da famfon da yake jan ta zuwa wurinsa. Ke a bayanta, sannan bakin ƙofa, sannan waje. Yadda ake ja da baya kaɗan-kaɗan ke za ki koya mini, sana'arki ce. Ki sa shugabarku ta zauna ta tsara shi da ku, ta mai da sa'o'insa can, abin da za ta iya ke nan kuma ya fi hutun kwana uku. Zai tsallake uwarsa da ido sau ɗari. Duk lokacin da ta tashi za ta fita, ki riƙe mata gefen riga. Kuma ki kula da kanki, domin hannunki zai riƙa ƙaiƙayin karɓar kofin. Ki zauna a kansa.

Ilinca kuwa tambaya ta yi miki, kuma ban ga inda kika ce kin amsa ba. Yau ɗin nan ki durƙusa daidai tsayinta ki ce mata kuskure kika yi, ba ita ba. Ki ce ko ta yi shiru ko ta fasa gidan da ihu za ki juyo. Ba za ta yarda da baki ba, sai ta gwada ki. Za ta yi ihun ƙarya saboda ƙuda, saboda safa, saboda ba komai. Ki juyo kowane lokaci, ko mamaliga za ta ƙone. Na san littattafanku za su ce ɓata yarinya ne. A ɓata ta ɗin. Ni na ɓata 'ya'ya biyar, ga su nan duk suna gaishe ni.

Ba zan rufe ki da zanen ƙarya ba, jikata. Sittin da huɗun nan ba duka za su haye ba. Wataƙila ashirin, wataƙila biyar. Wataƙila Yuni ya zo bai ce wa uwarsa komai ba, kuma ranar ta cika, kuma dole ki tafi a haka. Na so a ce ina da wata dabara a ƙasan tukunya da zan ba ki don wannan, na duba ban samu ba. Abin da na sani kawai, in akwai hanyar da bakin yaron nan zai isa ga uwarsa, sai kin matsa daga tsakani za a gan ta.

Ranar ƙarshe kada ki sulale. Ki tsaya a gabansa ki yi masa sallama da kalmomin da ya sani. In kin juya bai ko ɗaga kai ba, yana can yana fama da uwarsa, to aikinki ya yi kyau, ki je tasha ki yi kukanki. In kuwa ya kira ki, ki amsa masa, ki ce kin ji, sannan ki ci gaba da tafiya. Ban san wanne zai fi yi miki ciwo ba.

Zan kunna kyandir huɗu ranar Lahadi, na yara biyu da na uwaye biyu. Allah ya warkar da ɗan yatsa, ya kwance harshe, ya ba Otilia ƙarfin zama a kujerar nan, ke kuma ya mayar miki da yunwarki da barcinki.

Kakarki,
Zamfira